Me zan faɗa wa 'yan firamare game da Sakkwaton da?

Mai wannan tambaya dattijo ne, haifaffen cikin birnin Sakkwato a shekarun 1950, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Shugabar makarantar da jikarsa take karatu ce ta roƙe shi ya zo ya ba 'yan aji biyar labarin yadda garin yake a zamanin ƙuruciyarsa. Ya ce: "Ni ba malami ba ne, kuma yaran yanzu ba su da haƙurin sauraro. Ta ina zan fara, daga Shehu ko daga kaina?"

Alhaji, fara daga kanka. Labarin Shehu Usmanu, da yadda Muhammadu Bello ya kafa garin nan a 1809, da rasuwar Shehu a 1817, da karon da aka yi da Turawa a Giginya cikin Maris na 1903, duk suna rubuce. Malamar ajin za ta iya koyar da su, in ta ga dama ma ta ɗebi yaran ta kai su Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ko gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, tunda duk cikin gari suke. Ba don wannan aka kira ka ba. An kira ka ne don abin da babu shi a littafi: wane ne ke ɗebo ruwa a gidanku, daga ina, da me kuke karya kumallo, ina kuke wasa da dare, nawa ake ba ka in za ka makaranta. Wannan in ku ba ku faɗa ba, babu mai faɗa.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, daga baya kuma aikina ya koma zagayen duba malamai, don haka na sha zama a bencin baya ina kallon dattawan da aka gayyato irin wannan zama. Waɗanda abin ya ƙi yi musu kyau kusan duk hanya ɗaya suke bi. Mutum zai yi sallama, ya gyara zama, ya ce, "Mu a zamaninmu yaro bai isa ya ɗaga ido ya dubi babba ba." Daga nan sai a shiga: da akwai kunya, yanzu babu, da akwai albarka, yanzu babu. Kafin minti biyar yaran sun gane faɗa aka zo yi musu, sai kowa ya sunkuyar da kai ya jira a tashi. Ba haƙuri ne ba su da shi ba. Irin wannan magana suna jin ta a gida, suna jin ta a islamiyya, sun san inda za ta ƙare. Kuma ka san abin da ake cewa game da wanda ya tuna bara. In kana son su ɗauki tarbiyya, ba su labarin ranar da mahaifinka ya aike ka da kuɗi suka faɗi a hanya, da abin da ya biyo baya. Darasin zai shiga da kansa, ba sai ka tsaya fassara shi ba.

Shawarata ita ce ka zaɓi yini guda, ka bi shi tun daga asuba. Ka ɗauka kana ɗan shekara goma, sa'arsu ke nan. Wa ya tashe ka? Makarantar allo ta asuba, wutar kara in lokacin ɗari ne, wanke allo, tawada da alƙalamin da ka fere da kanka. Sannan ruwa: guga da igiya, tulu da gammo, ko 'yan ga-ruwa in gidanku masu hali ne. Sannan abin da aka zuba maka, kunu ne ko ɗumamen tuwo ko hoce. Daga nan ka fito ƙofar gida ka kama hanyar makaranta, kuma a nan nake son ka daɗe, don nan ne ka fi kowane littafi. Ambaci wuraren da sunayensu. Yaran nan kullum suna wuce Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, amma a wurinsu sunayen unguwanni ne ko inda ake sauka daga a-daidaita-sahu. Yawancinsu ba su taɓa kawowa a ransu cewa ƙofofi ne na ganuwa guda da ta kewaye birni ba. Tambaye su ƙofa nawa suka sani, a rubuta a allo, sannan ka cike musu da Ƙofar Kade, Ƙofar Dundaye da Ƙofar Aliyu Jeɗo, su cika takwas. In ka ga sauran ganuwar da idonka, faɗa musu tsayinta a lokacin, ko kun hau, ko akwai kududdufi a gindinta. Sai ka tambayi wa ke zaune a Mabera ko Arkilla, ka gaya masa abin da ke wurin da gidansu yake kafin a yi gidan. Yaron da aka ce masa ɗakin kwanansa gonar gero ce ba zai manta da kai ba.

Haka unguwannin sana'a. In hanyarka ta bi ta Majema, kar ka tsaya ga cewa ana jima a can. Faɗi warin, faɗi bagaruwar da ake jiƙawa, faɗi yadda ake shanya fatun, sannan ka gaya musu cewa fatar jar akuyar nan tamu ita ce aka daɗe ana ketare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko saboda ta can take isa gare su. In ta Marina ka bi, ka ce musu hannun marini ba ya rabuwa da shuɗi ko ranar Sallah. Unguwa ɗaya ta isa. Kar ka ce sai ka zagaye birnin duka, minti 35 ko 40 ne kawai za a ba ka.

Kada ka je hannu rabbana. Gani ya kori ji, ga yara kuwa taɓawa ta kori duka biyun. Na ga wani tsoho da ya zo da fitilar a-ci-bal-bal, ɗan kasko da man gyaɗa da lagwanin tsumma. Ya sa aka rufe tagogi, ya kunna, ya kira yarinya ɗaya ya ce ta buɗe littafinta ta karanta. Ta kanga littafin, ta matso har hayaƙi na shigar mata ido, aji ya fashe da dariya. Shi kuwa abin da ya ce kawai, "Da wagga hitila munka yi karatu." Nan take hannuwa suka tashi. In iska ta taso fa? In mai ya ƙare? Ba ta ƙona ɗaki? Sauran lokacin duk amsa tambaya ya yi, bai ma samu ya buɗe takardar da ya rubuto ba. Bincika adakar gidanku ko ta wata 'yar'uwarka: akushi, faifai, dutsen guga na gawayi, tsohuwar takardar haraji, hoton da aka ɗauka a situdiyo, fitilar ƙwai. Abu biyu ko uku, ba tarkace ba, kuma wanda ba za ka ji ciwo ba in ya faɗi, don sai sun taɓa.

In ka samu tsofaffin kuɗi, to ka samu rabin darasin. Kwabo mai huda ya fi komai jan hankalinsu. Bar shi ya zagaya hannu-hannu, sannan ka rubuta musu lissafin: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, sisi kwabo 6, taro kwabo 3, ɗari rabin kwabo, anini kuma sai goma suke yin kwabo. Ka ce su faɗi kwabo nawa ne a fam, ka ga yadda za su rige-rigen kai wa ga 240. Malamar lissafi ma sai ta gode maka. Sannan ka ba su labarin Janairun 1973 da aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, da irin rikicin da aka sha a kasuwa da tsofaffin da suka ƙi yarda. Amma ga wani abu da dattawa ke yi wanda nake ganin zalunci ne ga yaro: a faɗi farashin tiyar gero ko na rago a wancan lokaci a yi shiru, yaro ya tafi da tunanin kowa attajiri ne a da. In ka faɗi farashi, faɗi albashinka na farko, ko abin da lebura ke samu a yini, ka kuma faɗi sau nawa ake cin nama a gidanku. In ba ka tuna adadi daidai ba, kar ka ƙirƙira. Ka ce abin da sisi ke saya maka a ƙofar makaranta, wannan ba ka manta ba.

Akwai matsalar da manya ba su cika lura da ita ba. Ɗan shekara goma bai san tazarar da ke tsakanin 1965 da 1903 ba, duk "da" ne a wurinsa. Kar ka yi mamaki in wani ya tambaye ka ko ka ga Shehu. Maganin abin shi ne ka ja dogon layi a allo, ka sa shekarar haihuwarsu a ƙarshe, ta iyayensu a baya kaɗan, taka a bayanta, sannan ka yi ta tafiya har bakin allo kafin ka sa 1903. Mu nan muna da ma'auni mai sauƙi, wato sarautar Sarkin Musulmi. Yaran nan sarki ɗaya suka sani, Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006. Kai kuwa ka ga huɗu: Abubakar na Uku da ya yi shekara 50 daga 1938 zuwa 1988, Ibrahim Dasuƙi zuwa 1996, Muhammadu Macciɗo zuwa 2006, sannan na yanzu. Jera su a kan layin, ka rataya labarinka a jikinsu.

Kai ma layin zai taimake ka, don ƙwaƙwalwa tana haɗa shekaru wuri ɗaya. Kafin ranar, zauna ka auna abubuwan da kake tunawa da waɗanda aka san lokacinsu. Kafin a kashe Sardauna ne a Janairun 1966 ko bayan nan? Lokacin Jihar Arewa maso Yamma ne, da aka ƙirƙiro a 1967 Sakkwato na hedikwatarta, Usman Faruk na gwamna, ko bayan 1976 da aka raba ta? An riga an yi canjin hannu na Afrilun 1972, da motoci suka koma dama? An kafa jami'ar Sakkwato, wato 1975? An fara UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, da aka cika azuzuwa da yara har malamai suka yi ƙaranci? Shehu Kangiwa ne gwamna, tsakanin 1979 da rasuwarsa a 1981? Da irin waɗannan turaku za ka ga labarin ya zauna daidai. Ba sai ka karanta wa yaran dukansu ba, naka ne na shiri. Amma ka gaya musu cewa akwai lokacin da mutumin Birnin Kebbi da na Gusau duk 'yan jihar Sakkwato ne, kafin 1991 da 1996. Wannan yana ba su mamaki ƙwarai.

Sai abin da na fi ba muhimmanci bayan kauce wa wa'azi. Rarrabe musu abin da ka gani da abin da aka faɗa maka. Ka ce, "Wannan da idona na gani." Ka ce, "Wannan kakata ta ba ni, ita kuma ta ce daga mahaifinta ta ji." Ka ce, "Wannan haka ake faɗi a gari, ban san asalinsa ba." Garin malamai muke, inda ba a karɓar magana sai an san daga wa ta fito, kuma yaran sun fara jin haka a darasin hadisi. In suka ga dattijo da furfurarsa yana yin haka da labarin rayuwarsa, sun koyi abin da zai amfane su ranar da aka turo musu wani labari a WhatsApp. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce a je a tambayi wani, ka faɗi irin wanda ya kamata a tambaya.

Kuma ka faɗi wahala. Na san zuciya ta fi son tuna wasan langa a farin wata, da tashe cikin azumi, da gaɗar 'yan mata a dandali, da hawan Sallah a Kanwuri. Faɗe su, har ka sa biyu su tashi su gwada langa in akwai fili. Amma in ka tsaya nan ka ba su rabin gaskiya. Naɗe hannun rigarka ka nuna musu tabon lamba, wato na rigakafin agana. Da yawansu suna da nasu tabon a dantse, na rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, sai su gwada da naka. Daga nan ka gaya musu mece ce agana, yadda take kashewa, yadda take barin fuska da zanzana ko ta makantar, da cewa a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana an kawar da ita daga doron ƙasa. Gaya musu kurkunu, tsutsar da ake samu daga ruwan tafki, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, ga damina ta sauka mutum na kwance gonarsa na jira. Sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Gaya musu farin 1973, dabbobin da suka mutu, da mutanen da suka gangaro daga arewa neman abinci. Gaya musu cewa jirgin ƙasa bai taɓa isowa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda dogo ya tsaya, da yadda tafiya Kaduna take a motar katako. Ka dubi 'yan matan ajin ka faɗa musu mata nawa ne a ajinku, da inda 'yan'uwanka mata suke lokacin da kake makaranta. Ba don a tsorata su ba ne. Yaron da aka nuna wa cewa an taɓa fama da wata cuta kuma aka ga bayanta, ya san abubuwa suna gyaruwa da hannun mutane.

Wannan ya kawo ni ga wani gyara da zan so ka kai wa shugabar makarantar. Labarinka labarin namiji ne, na waje: hanya, kasuwa, makaranta, filin wasa. Rabin rayuwar garin a cikin gida aka yi ta, kai kuma tun kana ɗan shekara bakwai ko takwas aka fara kora ka zaure. A gayyato tsohuwa, ko rana ɗaya da kai ko wani mako. Na taɓa ganin wata ta zo da auduga da mazari da ɗan alli a ƙullin zanenta. Ta shafa allin a yatsu, ta murza mazarin a cikin 'yar tasa, zare ya fara fitowa daga sutun audugar tana magana ba ta ko duba hannunta. Maza da mata suka yi layi, kowa ya gwada, zaren na tsinkewa. Daga nan ta bi da su baya zuwa gurza da shiɓa, ta bi da su gaba zuwa masaƙa da marina, ta ce da kuɗin zaren ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Irin waɗannan matan ne kuma suke riƙe da waƙoƙin daka da na niƙa da gatana, wasunsu ma sun tarar da jaji, wato jagorar 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da Nana Asma'u ta kafa. Su ne suka fi saurin tafiya da abin da suka sani, don ba a cika tambayarsu ba.

Game da harshe, yi maganarka yadda kake yi a gida. In makarantar ta Turanci ce, nemi izini tun da wuri a bar ka ka yi Hausa, kuma Sakkwatancinka, kar ka tanƙwara baki. Abin da yaro bai gane ba zai tambaya, malama ta rubuta a allo.

Akwai wuraren da za ka taka a hankali. Kar ka kama sunan wani gida ka ce asalinsu bayi ne, ko ka shiga fassara tsagar fuska kana nuna na wane ya fi na wane. Jikokinsu na zaune gabanka, kuma abin da ka faɗa cikin raha shi za a yi ta tsokanarsu da shi har su gama makarantar. Rigimar NPC da NEPU, ko ta NPN da sauran jam'iyyu, ko ta sarauta, in ta shigo sai ka faɗi abin da ya faru a taƙaice ka wuce. Ka tuna kuma ba duk ɗan ajin ne ɗan cikin birni ba. Akwai 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa daga wasu jihohi, akwai kuma, a 'yan shekarun nan, yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga. In ka ce "kowa ya faɗi garinsu", akwai wanda garin nasu ya zama kufai. Tambayi malamar tun kafin ka shiga ko akwai irinsu. In akwai, kar ka nuna su, amma ka saka ƙauye cikin labarinka da mutunci, ka faɗi inda hatsi da nono da itacen da birni ke rayuwa da su suke fitowa.

Ku yi yarjejeniya da malamar a kan abu uku. Ta sa yaran su rubuto tambayoyinsu kwana ɗaya kafin zuwanka, don in ba haka ba za ka ce "akwai mai tambaya?" a yi tsit. Ta ajiye bulalarta, ta bar su su yi dariya su yi surutu kaɗan. Sannan ta ɗauki muryarka a waya, da izininka, a adana a makarantar, a ba iyalinka kwafi. Kai kuma kar ka wuce rabin lokacin kana magana kai kaɗai.

Aikin gida da ya fi dacewa shi ne kowane yaro ya samu wani babba ya yi masa tambaya uku, ya rubuto amsar tare da shekarun mai maganar da inda ya girma. A ce "wani tsoho ko tsohuwa a gidanku ko unguwarku", kar a ce "kakanka", saboda marayu da waɗanda nasu ke nesa. Tambayoyin su zama masu kama abu: daga ina kuke samun ruwan sha, me kuka fi tsoro kuna yara, wane abu ne kuka fara gani da ya ba ku mamaki. In aka tambayi tsoho "yaya rayuwa take a da?" amsar da za a samu ita ce "alhamdu lillahi, da daɗi", shi ke nan. In malamar ta tattara takardun ta ɗinke, ka nemi a ba ka ka karanta, ka koma bayan mako biyu ko uku ku duba tare da yaran inda labarin wani ya saɓa da naka, ku nemi dalili.